Shata a Cikin Kaset: Rayuwar Mawaƙin da Bai San Adadin Waƙoƙinsa Ba

Alhaji Mamman Shata bai san adadin waƙoƙin da ya yi ba. Wannan ba zancen masu zuzuta shi ba ne, waɗanda suka bi diddigin rayuwarsa sun tabbatar da haka. Mutumin ya shafe shekaru sama da hamsin yana waƙa, ba ya rubutawa, ba ya zama a gida ya tsara baiti kafin ya fito fili. Ana taɓa kalangu sai baki ya buɗe. Abin da ya rera a ƙuruciya yawancinsa ya bi iska, don babu na'urar ɗauka a wurin. Abin da ya rage a hannunmu shi ne abin da faifai da rediyo da kaset suka kama, kuma a kan wannan ragowar ne masoyansa ke ta musu har gobe.

Ni ina cikin masu musun. A Karu nake zaune yanzu, nan gefen Abuja, amma a Sabo ta Ibadan kunnena ya buɗe da Shata, a rumfar kawuna mai fataucin goro. Duk wanda ya yi zaman Kurmi ya san yadda abin yake. Ko kana Agege ne, ko Sabon Shagamu, ko Ama Hausa ta Owerri, ko kasuwar shanu ta Lokpanta, idan dare ya yi aka rufe harka, akwai rikoda a wani lungu tana kuka, kuma a mafi yawan lokuta muryar da ke fita ta Shata ce. Da yawanmu ba mu taɓa ganin sa ido da ido ba. Ta kaset muka san shi, don haka ta kaset zan bi in ba da labarinsa.

An haife shi a Musawa, cikin ƙasar Katsina, a 1923. Sunansa na yanka Muhammadu. Mahaifinsa Ibrahim Yaro Bafillace ne, kuma gidansu ba gidan kiɗa ba ne. Wannan ba ƙaramar magana ba ce a ƙasar Hausa ta wancan lokaci, inda ɗan maƙeri ke ƙira, ɗan mahauci ke fawa, ɗan makaɗi ke kiɗa. Uban ya ɗauki waƙa a matsayin roƙo, abin kunya ga ɗan gida irin nasu. Burinsa yaro ya riƙe noma ko kasuwanci bayan karatun allo. An gwada. An ba shi tallar goro, daga baya ya yi tallar alewa. Labarin da aka fi sani game da sunansa daga nan ya samo asali: idan ya sayar da goron sai ya rabar da kuɗin a hanya ya dawo gida hannu rabbana, idan aka tambaye shi sai ya nuna ai ya yi shata da su. Wani ɗan'uwansu da ake kira Baba Salamu shi ya liƙa masa sunan, ya kuma bi shi har kabari.

Kawuna kan yi dariya duk lokacin da aka zo nan a labarin. A ganinsa Allah ne ya rufa wa fatauci asiri da ya janye Shata daga cikinsa, don da ya karya uban gida goma.

A dandali ya fara, wurin wasan samari da 'yan mata, ba don kuɗi ba. A nan ya shige gaban sa'o'insa har suna ya fara fita ƙauyukan kewaye. Daga baya ya koma Bakori, inda Abdullahi Inde, ɗan gidan sarautar Musawa da ke aikin sayen auduga da gyaɗa a ƙarƙashin En'e, ya riƙe shi. Wannan zamanin nasa babu wanda ya mallake shi a kaset. Tsofaffin da suka gan shi a lokacin yawancinsu sun riga mu gidan gaskiya, sun tafi da abin da suka ji.

Abin da ya kamata mai karatu ya lura da shi a nan shi ne gangar da ya zaɓa. Makaɗan fada suna da nasu kayan. Narambaɗa da Ɗanƙwairo da kotso aka san su, akwai masu taushi, kowanne yana jingine da sarkinsa, ba ya yi wa kowa waƙa sai da izini. Shi kuwa kalangu kiɗan mahauta ne da na dandali, kiɗan talakawa. Idan ka je mayankar Karu ka tambayi tsofaffin mahauta za su gaya maka kalangu nasu ne tun kaka da kakanni. To da wannan gangar ta kasuwa Shata ya shiga fadar sarakuna, kuma bai ajiye ta a ƙofa ya ɗauki wata ba. Shi ya sa yau ka ji shi yana wasa sarki mai sanda, gobe yana wasa direban babbar mota, jibi sarkin bori, da ganga ɗaya da murya ɗaya. Ina ganin a nan sirrin farin jininsa a wurinmu yake. Mutumin da ya baro gida ya zo Kurmi yana dako ko gadi ko yankan farce, idan ya kunna kaset sai ya ji an kira sunan wani irinsa da irin girman da aka kira sunan sarki.

Tauraronsa ya haska sosai a 1952, a Kano, wurin bikin da aka yi wa laƙabi da Bikin 'Yan Sarki, inda aka aurar da 'ya'yan gidan sarautar Kano da dama a lokaci guda. Daga wannan biki ya tashi daga mawaƙin yanki ya zama na ƙasar Hausa gaba ɗaya. Daga bisani ya kafa gida a Funtua, garin auduga, kuma can ya zauna wajen shekara arba'in har ƙarshen rayuwarsa.

Sai zamani ya taimake shi. Da farko faifan garmaho ne, wanda sai mai hali ke da shi. Kamfanin EMI ya buga masa fayafayai. A 1962 aka buɗe gidan rediyon Kaduna, wanda muryarsa ke kaiwa har bakin teku ta gajeren zango, kuma duk Bahaushen da ya yi zaman Legas ko Fatakwal a shekarun baya ya san yadda ake murɗa akwatin rediyo ana karkata eriya don a kamo Kaduna. Amma kaset shi ne ya raba Shata gida-gida. Yana da araha, yana shiga aljihu, kuma ana iya kwafarsa. Direba ya sayo a tashar Funtua ko ta Kano, kafin ya sauke kaya a Ibadan an kwafe shi sau uku. A nan musun masoya ya samo tushe.

Bari in fayyace, don yaran yanzu ba su gane wannan ba. Mawaƙin zamani yana shiga ɗakin ɗaukar sauti ya yi waƙa sau ɗaya, wannan ɗin ita ce waƙar har abada. Shata ba haka yake ba. Amshi yana nan daram, kiɗa yana nan, amma abin da zai zuba a tsakiya ya danganta da daren da wurin da waɗanda ke zaune. Idan ya hango wani a cikin taro sai ya jefa sunansa. Idan an ɓata masa rai a hanya sai habaici ya shigo. Saboda haka mutum biyu za su iya cewa suna da Bakandamiya, a kunna a tarar kowa da irin tasa: wannan ta fi tsawo, waccan an ambaci garuruwan da babu su a ɗayar. Wanda ya riƙe kaset ɗin Shata, dare ɗaya na rayuwarsa ya riƙe, kuma wataƙila babu wani a duniya da ke da wannan daren sai shi.

A majalisarmu ta wurin mai shayi, kusa da kasuwar Karu, masoyan sun kasu. Akwai wani dattijo, tsohon direban tirela da ya yi shekaru yana jigila tsakanin Arewa da Legas, wanda ba ya yarda da kowane Shata sai na farkon ɗauka, lokacin da murya ke da kaifi, kiɗa na gudu kamar ana kora shi. Shi a wurinsa duk abin da ya biyo baya maimaici ne. Akwai kuma masu son Shatan tsufa, wanda murya ta yi nauyi, yana jan magana a hankali kamar mai ba jikoki labari. Ni dai, Baba ya yi haƙuri, ina tare da na tsakiya, wato daga ƙarshen shekarun 1960 zuwa cikin na 1980. A lokacin ƙarfin murya bai tafi ba, ga duniya ya gani, ga makaɗansa sun san numfashinsa har ba sai ya waiwaya ba. Saurari yadda yake tsayawa cak a tsakiyar magana ya bar kalangu ya ƙarasa masa, sannan 'yan amshi su faɗo daidai kan gaɓa. Wannan ba a koyon sa a wata shida.

A wannan zangon ne aka yi yaƙin basasa, daga 1967 zuwa 1970, ya yi wa sojoji waƙoƙin ƙarfafa gwiwa. Ga mu mazauna Kudu waɗannan kaset ɗin suna da nauyi na daban. Iyayenmu da yawa sun bar dukiya sun gudu gida a wancan rikici, wasu ba su kai ba, waɗanda suka dawo bayan yaƙi daga tushe suka sake farawa, a tsakiyar mutanen da su ma an kashe musu nasu. Na san gidajen da ba a kunna waɗannan waƙoƙi da ƙarfi, don maƙwabci na ji, kuma kowa da tabonsa. Wannan hankali ne na zaman tare, ba tsoro ba.

A cikin wannan zangon kuma, a watan Yulin 1969, Amurka ta sauke mutum a kan wata, Shata ya yi wa kumbon Apollo 11 waƙa. Ina son wannan waƙa saboda abin da ta nuna game da shi. Mutumin da bai yi boko ba, ya ji labari yadda kowa ya ji, ya ɗauko abin da ya fi ƙarfin hankalin jama'a a lokacin ya sa shi a kalangu, har tsohuwa a ƙauye ta iya kiran sunan kumbon. Jarida nawa ce ta isa inda wannan waƙa ta isa?

Waƙoƙin mutane kuwa ba su ƙirguwa. Ta Umaru Ɗan Ɗanduna, ta Hassan Sarkin Dogarai, ta Sarkin Bori Sule, kowacce da masu rantsuwa da ita. Amma idan ana maganar uban gida, babu kamar Sarkin Daura Alhaji Muhammadu Bashar, wanda ya hau gadon sarauta a 1966. Abin da ke tsakaninsu ya wuce na mawaƙi da mai kyauta, kuma ana jin haka a waƙoƙin da ya yi masa: babu gaggawa, babu roƙo a fili, kamar mutum ne ke magana a gidansu. A Kano kuma akwai Jarman Kano Alhaji Muhammadu Adamu Ɗankabo, mai kamfanin jiragen sama na Kabo, wanda shi ma ya tsaya masa ƙwarai.

Ba zan yi kamar mutumin ba shi da inda ake kama shi ba. Yana da waƙar da ya yi wa mashaya, wadda malamai suka yi tir da ita tun yana raye, kuma har yau akwai gidajen da saboda ita ba a shigar da kaset ɗinsa. Yana da zambo mai zafi, Gagarabadau ita ce shahararriya, wanda idan ya sauka a kan mutum har 'ya'yansa sai sun ɗanɗana. Mutane sun ji tsoron bakinsa, kuma ba duk kyautar da aka yi masa ce ta fito daga ƙauna ba. Kuma wannan bakin dai shi ne ya yi yabon Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi kira ga noma da neman ilimi da zaman aure. Masoyi na gaskiya ba ya ɓoye rabin kaset. Ni idan yara na kusa akwai waɗanda nake tsallakewa, kuma ban ga abin musu a nan ba.

Siyasa ma ya taɓa ta, ba da baki kaɗai ba. A shekarun 1970 ya ci zaɓen kansila a ƙaramar hukumar Kankiya, wadda Musawa ke ƙarƙashinta a lokacin. A Jamhuriya ta Biyu ya fara da GNPP ya koma NPN. A ta Uku ya zama shugaban jam'iyyar SDP na ƙaramar hukumar Funtua, aka yi rigima aka sauke shi. Mutumin da ya saba faɗin abin da ya ga dama a gaban sarki, ina zai iya da ladabin jam'iyya?

Girmamawa ta zo masa tun yana da rai, abin da ba kowane mawaƙin Hausa ya samu ba. Tun a 1975 Ɗandatti Abdulƙadir ya rubuta kundin digirinsa na uku a kansa a Jami'ar Indiyana ta Amurka. Gwamnatin tarayya ta ba shi lambar MON. A 1988 Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba shi digirin girmamawa, daga nan Dokta ya shiga gaban sunansa. Yaron da ubansa ya ji kunyar sana'arsa, ga shi da hular malaman jami'a. Bayan rasuwarsa, a 2006, Ibrahim Sheme da abokan aikinsa suka fitar da littafin tarihinsa mai suna Shata Ikon Allah, wanda duk mai son ya wuce hirar majalisa ya kamata ya nema.

To amma littafi labari yake riƙewa, ba murya ba. Muryar tana cikin kaset, kaset kuwa yana mutuwa. Zaren da ke ciki ba ya son zafi, ba ya son danshi, kuma ku da ke Legas da Fatakwal da Warri kun fi kowa sanin abin da damina ke yi wa kayan da aka ajiye a ƙarƙashin gado. Fumfuna ta kama shi, zare ya manne, ranar da aka kunna sai ya tsinke ko rikoda ta tauna shi. Da muna gyarawa da biro da ɗan salatif. Yanzu ita kanta rikodar sai an sha wahala kafin a samu mai aiki.

Akwai wani maƙwabcinmu a nan Karu, dattijo mai sayar da hula, da ya rasu shekarun baya. Yana da akwatin ƙarfe cike da kaset, wasu shi da kansa ya ɗauka a wurin biki da rikodarsa a cinya, har ana jin guɗar mata da muryar sanƙira a ciki. Da 'ya'yansa suka zo kwashe kaya don mai gida na son ɗakinsa, suka ɗauki abin da suke ganin yana da amfani, akwatin kuwa aka ba 'yan gwangwan. Ba laifinsu ba ne, ba su san abin da ke ciki ba. Kafin labari ya iso majalisa an riga an wuce da shi. Dare nawa na Shata ya tafi a wannan akwati, Allah kaɗai ya sani.

Wani zai ce ai duk suna waya yanzu, je ka wurin masu tura waƙoƙi a Nyanya ko Mararaba su cika maka memori, ko ka hau YouTube. Na'am, akwai su, kuma mun gode wa waɗanda suka ɗora. Sai dai ka zauna ka saurara da kyau. Waɗanda suka yi suna ne ke ta zagayawa, kwafi ɗaya a hannun kowa. An yanke kan wasu, an datse wutsiyar wasu don su shiga wuri. An sa wa wata sunan wata. Har na taɓa ganin waƙar wani mawaƙin daban an manna mata hoton Shata. Babu mai gaya maka a wane gari aka yi, a bikin wa, a wace shekara. Waƙar Shata kuwa idan aka raba ta da wurinta an rage mata rabi, domin sunayen da yake kira mutane ne da suka rayu, da garuruwansu da sana'o'insu.

Don haka roƙona ga 'yan'uwa mazauna Kudu, musamman matasa: idan akwai tsoho a gidanku ko a unguwarku mai ajiyar kaset, kada ku jira ranar rabon gado. Ku zauna da shi tun yana iya tunawa. A ɗauko kowane kaset a tambaye shi inda ya same shi da abin da ya sani a kansa, a rubuta a takarda a liƙa. A fitar da su daga ƙasa a sa a wuri mai iska. Wanda ya yi fumfuna kada a yi gaggawar kunna shi, a kai wa mai gyaran rediyo da ya san hannunsa. Sannan a nemi mai kwamfuta ya juye su gaba ɗaya, ba tare da yanke surutun farko da na ƙarshe ba, don sau da yawa a cikin wannan surutun ake jin sunan gari da na mai biki. Sarakunan Hausawa da ƙungiyoyinmu na kasuwa da na direbobi za su iya ɗaukar nauyin wannan, kuɗinsa bai kai na walimar naɗin sarauta ɗaya ba. Kuma ba Shata kaɗai ba, a akwatunan nan akwai Ɗanmaraya da kuntiginsa, akwai Haruna Uji da gurminsa, akwai wasu da ko sunansu ba a sani ba a intanet.

Kaset ɗinsa na ƙarshe-ƙarshe su ne waɗanda na fi jin nauyin saurara. Hikima tana nan, amma kana jin numfashi ya ragu, 'yan amshi na ɗaukar kaya fiye da da. Ciwo ya kama shi a shekarunsa na ƙarshe, aka yi jinyarsa a Kano, aka kai shi Jidda aka yi masa aiki, ya ɗan samu sauƙi ya dawo. Daga baya jiki ya sake tashi aka kwantar da shi a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. A can ya cika ranar Juma'a, 18 ga Yuni, 1999, yana da shekara 76, ƙasa da mako uku bayan sojoji sun miƙa mulki ga farar hula.

Ba a kai shi Musawa inda aka haife shi ba, ba a kuma kai shi Funtua inda gidansa da iyalinsa suke ba. Ya riga ya bar wasiyya a binne shi a Daura, garin uban gidansa. Haka aka yi, kuma Sarki Muhammadu Bashar yana cikin waɗanda suka halarci jana'izar. Allah ya jiƙansa, ya yafe masa kurakuransa, mu kuma ya kyautata namu ƙarshen.